Mayafin Dahitsa a Jirgin Filorida

A duk 'yan Apache na dangin Chiricahua babu mai kiyaye surukuta kamar Dahitsa, shi ma ya san haka, kuma bai bar kowa ya manta ba. Tun da ya auri Dezhi bai taɓa ganin fuskar uwarta ba. In aka ce ga tsohuwa tafe, sai ya faɗa cikin ƙaya. Ita ma takan juya baya, don a wurinsu girmamawa ke nan, kuma namiji a gidan surukai yake zama. Ranar da aka daina guje maka, ka tashi daga mutum.

Sai sojan Amurka suka zo neman masu bin sawun 'yan Apache da suka ƙi miƙa wuya. Gogan naka ya karɓi bindiga da shuɗiyar riga, ya shiga gaba har duwatsun Meziko, yana nuna musu inda ciyawa ta kwanta. Cikin waɗanda sawun ya kai su gare su har da ƙanen Dezhi, wanda bai sauko daga dutsen da rai ba.

"Aiki ne," in ji Dahitsa. "Hafsan soja ya ce mu da muka taimaka, ba mai taɓa gidajenmu."

Da yaƙi ya ƙare aka tara kowa a bariki. Aka karɓe bindigarsa cikin ladabi, aka cusa shi jirgin ƙasa zuwa Filorida tare da waɗanda ya farauto. Bature bai san suruki ba, sai ga shi tarago ɗaya da tsohuwa. Tagogi a rufe, zafi kamar tanda, amma ya lulluɓe kansa da mayafin ulu yana ta zufa. Abin da ya rage masa ke nan, ya riƙe shi gam.

"Kai, mai gadin ciyawa!" wani ya ce daga baya. "Duba mana ƙasa, ina muka nufa?"

Can sai ya ji muryar da bai taɓa ji kusa haka ba.

"Dezhi, wa ke ƙarƙashin bargon nan?"

"Inna, kin sani. Surukinki ne."

"Ki ce masa ya yaye, kar zafi ya kashe shi a banza," tsohuwa ta ce, ta juyo ta fuskance shi sosai. "Ni ba ni da wanda zan ji wa kunya a jirgin nan."