Ranar da Aka Tsaga Ƙirjin Baba

Baba ba mai raki ba ne. Ya yi noman auduga a yankin Jazira har ƙarfinsa ya fara ja baya, sannan ya koma ɗinkin takalma a kasuwar Umdurman. Da ya fara tsayawa a hanyar masallaci yana dafe ƙirji, zufa na keto masa, mun san abin ya kai.

Likitan zuciya a Khartum ya ce jijiyoyin da ke shayar da zuciyar ne kitse ya toshe. Za a tsaga ƙirji, a ciro jijiya daga ƙafarsa, a yi wa jini sabuwar hanya. A lokacin, irin wannan aikin bai daɗe da farawa a ƙasar ba, masu hali Masar suke tafiya.

"Alhaji," in ji likitan, "muna kuma bincike a kan masu wannan ciwo. In ka yarda mu sa ka."

Inna ta damƙe hannuna. A shekarun mulkin sojan nan, wanda aka ce ana bincikensa ba ya kwana gida. Sai da likitan ya bayyana cewa abincinsa da hawan jininsa kawai za su riƙa bibiya, sannan ta sake ni.

Asibiti ya ce dangi su kawo jini. Na yayana ne ya dace. Shi kuwa ya daɗe bai fita unguwa ba, don sojoji na tsayar da motoci suna kwashe samari zuwa sansani. Ranar aikin muka shiga hafila, ƙaramar bas, ni da shi. A bakin gada aka tare mu.

"Kai, sauko," in ji wani soja.

"Babanmu ake yi wa aiki, jini zai bayar," na ce.

Ko kallona bai yi ba. Yaya ya miƙo mini agogonsa. "Ki je, ƙanwata, kar Inna ta zauna ita kaɗai."

Motar ta ja ina hango shi durƙushe a rana cikin sauran. Wata mai sayar da shayi da ke kusa da ni ta tambayi sunan asibitin. Ta sauka tare da ni, ta janyo direban. Aka gwada jininsu, na direban ya yi.

Muka zauna a baranda. Duk ƙofar da ta motsa sai in miƙe, ban ma san wa zan fara yi wa addu'a ba. Bayan la'asar likitan ya fito ya ce zuciyar ta karɓa.

Baba na farfaɗowa ya tambayi Yaya. Likita ya hana a tayar masa da hankali, amma Inna ta ce ba ta taɓa yi masa ƙarya ba, ta faɗa masa. Ya rufe ido, na tsura wa na'urar da ke kansa ido har layin bugun zuciyarsa ya daidaita.

Yaya ya dawo bayan damina, an aske masa kai, ya rame. Ya tarar da Baba yana koyon tafiya a tsakar gida, ya ba shi kafaɗa.