Karen Farauta a Bakin Akurki

Da aka kai ni gidan miji, a wani ƙauye gefen Doguwa, ban je da wani abin a-zo-a-gani ba. Tasoshi ne 'yan kaɗan, da tabarma, da kaza guda ɗaya wake-wake, mai ɗigon fari da baƙi, da Inna mahaifiyata ta ɗaure wa ƙafa da kanta ta miƙo mini a bakin ƙofa. Ta ce irin kajin kakata ce, tun daga wajen Badafi aka zo da su, kada in kuskura irin ya yanke a hannuna. A lokacin dariya ta ba ni, ana kukan rabuwa ita tana zancen kaza. Damina biyu bayan haka Inna ta rasu, sai zancen ya daina ba ni dariya.

Wannan duk kafin a sami mulkin kai ne, zamanin da Turawa ke haƙar kuza a Riruwai, maigidana ma yakan je can lebura da rani. Kazar ta yi albarka, ta cika mini bayan ɗaki da 'ya'ya da jikoki. Sai wata damina dawa ta yi tsawo har ta jingina da dangarmu, tunku ya samu hanya. Wannan dabba ba ta da kunya ko kaɗan. Da rana tsaka, ina tsaye ina daka, zai ratso danga ya cafke kaza a wuya ya koma cikin dawa, ya bar mini gashi da warinsa. Abin da ya rage shirwa ta sauko ta ɗauka. Kafin dawa ta fitar da kai, cikin irin Inna babu sauran kowa sai tsohuwar da na zo da ita, tana kwance kan ƙwai bakwai a akurki.

Na ce a samo kare.

Matsalar ita ce surukina, Baba, malami ne, a zaurensa ake ɗaukar karatu. Ni ba na iya buɗe baki a gabansa sai gaisuwa, don haka na bi ta hannun Iya, uwar maigidana. Ta je ta dawo da amsa: gidan da ake karatu kare ba ya shiga, mala'ikun rahama ba sa zama inda yake. Na ce, "Iya, to tunkun nan fa, da shi suke zama?" Ta toshe mini baki da hannu tana waige-waige, amma kafaɗunta sai rawa suke yi don dariya.

Haka muka zauna har ranar da tunku ya yi kuskuren ɗauke jan zakaran Baba, wanda yake kiwo don baƙin Mauludi. Washegari da hantsi Baba ya kira maigidana, ya ce ya sake duba littafi, ashe an halatta ajiye kare don gadin dabbobi. Littafin nan shekara da shekaru yana cikin gafakarsa, amma sai da zakara ya mutu shafin ya buɗe. Ya kafa sharaɗi: kare ya tsaya bayan gida, kada ya kusanci buta, kada ya shinshini buzu.

Akwai wata Bafulatana da ke kawo mana nono daga rugar da ke bayan rafi, dattijuwa mai yawan taunar goro. Da ta ji zancen ta ce in bari ta kawo mini kwikwiyo, a rene shi cikin kaji tun bai san komai ba. Na faɗa wa maigidana, ya kece da dariya. Ya ce kwikwiyo ai tunku ma zai haɗa da shi ya yi kalaci. Shi yana da aboki maharbi a hanyar Riruwai, wanda karnukansa suka yi suna a duk dajin nan, a can zai zaɓo wanda ya fi kowanne.

Ya kuwa zaɓo. Kwana biyu ya yi, ya dawo yana jan wani dogon kare ja, siriri, an yanke masa kunnuwa, idanunsa kamar na mai bin bashin gaba. Maigidana ya tsaya a tsakar gida yana ba mu labari yana hura hanci. Wai maharbin ya ɗaga karen ta fatar wuya bai ko yi ƙara ba. Wai tun yana ƙarami ake zuba masa barkono a abinci don zuciya. Wai babu fakarar da ta taɓa tashi a gabansa ta sha, zabon daji kuwa a sama yake cafke shi.

Mu duka muka ce madalla. Har ni. Wannan shi ne abin da har yau idan na tuna nake jin haushin kaina. An tsaya a gabana an ce karen nan duk duniya babu abin da ya iya kamar kama tsuntsu, ni kuma na kawo tuwo na ba shi, na nuna masa akurki.

Kwana uku yana ɗaure a gindin zogale, yana kallon kajin Iya yana karkarwa. Muka ce ƙaunarsu ce ta kama shi. Rana ta huɗu, bayan azahar, maigidana ya ce ai ya saba da gida, ya kwance igiya. Daidai lokacin tsohuwar kazata ta sauko daga kan ƙwai don ta sha ruwa, kamar yadda take yi sau ɗaya a yini.

Ban ma ga tashinsa ba. Ƙara guda na ji, sai ga shi ya taho a natse da ita a baki, ya wuce ni, ya ajiye ta a gaban maigidana, ya zauna yana kaɗa wutsiya yana jiran a yaba masa. Bai ci ko tsoka ɗaya ba. Aikin da aka koya masa ya yi, kuma tsakani da Allah ya iya.

Na kurma ihun da ya fito da Baba daga zaure babu takalmi. Tun da nake a gidan ban taɓa ganin ya yi gudu ba sai ranar. Ya ga kaza tana shure-shure, ya zaro wuƙa ya yi bisimilla ya yanka kafin ta zama mushe. Maigidana kuwa, don Allah ya yi shi da rashin sanin lokacin magana, sai cewa ya yi, "Baba, ai karen farauta ne, abin da ya kama ko ba a yanka ba halal ne, ko?"

Muciya ce a hannuna. Iya ce ta riƙe ta kafin ta sauka a kansa.

Baba ya dube shi ya ce, "Da ka sake shi, farauta ka aike shi?" Maigidana ya sunkuyar da kai. Ni kuma na manta da kunyar suruki gaba ɗaya, na durƙushe a wurin ina kuka ina faɗin kazar Inna ce, ita kaɗai ta rage mini, ko zanenta ban samu ba da aka raba kaya. Ban taɓa yin magana mai tsawon haka a gabansa ba. Sai ya shiga akurki da rarrafe, da rawaninsa da komai, ya taɓa ƙwan ya ji da sauran ɗumi. Ya warware rawanin, ya cire hula ya jera su ciki ɗaya bayan ɗaya. Iya tana da wata baƙar kaza da ta fara kwanci. Ya kwashe nata ƙwan ya miƙa wa Iya ya ce a dafa, ya zuba nawa a ƙarƙashinta. Iya ta dube ni, ta tafi da ƙwan madafa.

Da yamma aka yi miya da kazar, don ba a zubar da halal. Ban ci ba. Aka kai wa Baba akushinsa zaure, ya dawo da tuwon an ci, naman kuwa yana nan yadda aka zuba.

Washegari maigidana ya mayar da jarumin nasa. Da Bafulatanar ta zo na ba ta labari, ta yi dariya har sai da ta sauke ƙwaryarta ƙasa. Ta ce, "Ku Hausawa, kuna son mai gadi sai ku ɗauko soja." Kasuwa ta gaba ta zo da kwikwiyo a cikin zane. Cikin 'yan'uwansa, in ji ta, shi ne bai damu da rigima ba, kaza ta taka shi ma sai ya gyara kwanciya. Baƙi ne, ga tumbi, ga kunnuwa lafce-lafce. Maigidana ya ɗaga shi ta fatar wuya don ya gwada, ya tsala ihu ya yi masa fitsari a riga. Na ce shi nake so.

A bakin akurki na ajiye shi, nan yake ci, nan yake kwana. Baƙar kazar Iya ta sare shi a hanci sau biyu, daga nan ya san girman na gaba. Kafin ya yi ƙarfi ni ce mai gadi, da taɓarya a hannu, girki ma a bayan ɗaki na koma yi. Amma wata shida bayan haka, wannan ragon da ke tsoron kaza shi ne ya bi tunku cikin karan dawa ya dawo da kunne a tsage, kuma ko inuwar shirwa ya gani a ƙasa sai ya tashi unguwa da haushi. Bai taɓa kama ko fara ba a rayuwarsa.

Na yi gaba da labari. Ƙwan nan bakwai, uku ne suka ƙyanƙyashe, sauran sanyi ya riga ya kama su. 'Yan tsaki kuwa ba a gane launinsu sai gashi ya fito, don haka na yi makonni ina leƙensu kamar mai jiran wata. Biyu suka fito zakaru. Wata safiya ina shara, Baba ya zo wucewa da butarsa, ya yi nesa da kwikwiyon kamar kullum, sai ya tsaya yana kallon ta ukun. Ɗigo-ɗigon fari da baƙi sun fara bayyana a fiffikenta. Bai dube ni ba, ya ce, "'Yar nan, irin bai yanke ba." Ya wuce alwalarsa, ya bar ni riƙe da tsintsiya ina share hawaye da bakin zane.

Shekaru da yawa bayan haka, ranar da za a kai babbar 'yata gidan miji can wajen Kiru, na ɗaure ƙafar wata wake-wake na miƙa mata a bakin ƙofa. Ta yi dariya cikin kuka, na ƙyale ta. Na haɗa mata da kwikwiyo, kuma ban bar babanta ya zaɓa ba.