Kawu Bawa da Wuyan Baburinsa

Waɗanda suka zauna Yelwa lokacin muna cikin Jihar Sakkwato za su tuna cewa Kawu Bawa, ƙanen mahaifiyata, yana shayar da baburinsa. Da an idar da sallar asuba zai tura shi bakin tafki, ya kafe shi cikin ruwa, ya yi ta kwara masa ruwa da ƙwarya, musamman a wuya, inda kan babur yake juyawa.

Matuƙin jirgin ruwa ne tun kafin ruwa ya ci tsohon gari, kuma abin da ya sani shi ne jirgin katako in ya bushe tsagewa yake yi. Na taɓa ce masa, "Kawu, wannan fa ƙarfe ne."

Ya ce, "Taɓa shi da azahar ka ji in ƙarfe ba ya jin rana."

Ba don ado ya sayi babur ɗin ba. Matarsa, Inna Kulu, tana da gyambo a ƙafa, kuma duk mako sai an wanke mata a asibiti. Ba ta iya takawa zuwa can. Da baburin nan kaɗai take zuwa.

Tuƙinsa ma na jirgi ne. Ba ya taka birki. Yakan kashe inji tun daga nesa, ya bar babur ya sulala har ya tsaya da kansa. Wata rana ya zo gaida mahaifiyata, ya wuce ƙofarmu a hankali muna kallonsa, ya je ya tsaya cikin tumakin maƙwabci. Ya sauko, ya gyara hula, ya ce, "Gobe daga masallaci zan kashe."

Da tafiya ta yi tafiya sai kan babur ya fara ƙin juyawa. Na raka shi wurin Sani bakanike. Sani ya ɗora babur a kan kututture, ƙafar gaba ta bar ƙasa, ya juya kan hagu da dama. Yana zuwa tsakiya sai ya maƙale.

"Baba, boris ɗin wuya ya mutu. Ruwa ya wanke giris, tsatsa ta cinye shi."

Ya kwance babban noti, ya zare wuyan, 'ya'yan boris, ƙananan ƙwallayen ƙarfen da wuyan ke juyawa a kansu, suka zubo jajaye kamar kaura. Kawu ya durƙusa ya tsince su. Ya ce ba za a zubar da abin da bai fashe ba. Ya goge su da toka, ya hana a sa giris, ya sa aka cika wurin da man kaɗe, domin shi ya san daga inda man kaɗe ya fito. Rana na yin tsaka a kasuwa man ya narke, ya gangaro har taya. Muka fito muka tarar da akuya tana lasa.

Kawu ya ce, "To, ka gani. Da giris ne da yanzu ana neman wuƙa."

Shayarwa kuwa bai fasa ba.

Ranar asibiti ya ɗauko Inna Kulu. A kwanar da ake shiga hanyar asibitin ya juya kai, kai ya ƙi. Suka miƙe sak cikin tarin albasar wani mutumin Shanga. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo. Inna Kulu ta zauna cikin albasa, ta gyara mayafi, ta ce, "Malam, ni da wanga babur mun gama."

Haka kuwa aka yi. Makon ya wuce ba ta je ba, na gaba ma ta ƙi. Ƙafa ta kumbura, gyambon ya fara ruwa. Kawu ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya aiko mahaifiyata. Amsarta ɗaya ce: gara ƙafa ɗaya ta yi ciwo da a karya mata duka biyun.

Sai ga shi da safe wurin Sani, yana tura babur, ba ko sallama mai ƙarfi.

"Sa sabo."

Sani ya ce, "Zan sa, Baba, amma da sharaɗi. In na sa, ba sauran wanka."

"Ko na Juma'a?"

"Ko na Salla."

Kawu ya daɗe yana kallon babur ɗin. Sannan ya ce, "Sa."

Sani ya sa ƙarfe da guduma ya fitar da tsofaffin mazaunan boris, na sama da na ƙasa, duk sun yi rami-rami. Ya buga sababbi a hankali har suka zauna daidai, ya shafe su da giris, ya jera 'ya'yan a ciki, ya mayar da wuyan. Ya ɗaure noti, ya sassauta kaɗan, ya sake gwadawa, har kan ya riƙa faɗawa gefe da ɗan taɓi, ba tare da girgiza ba. Da Sani zai zubar da tsofaffin, sai Kawu ya miƙa hannu. "Kawo. Za su yi nauyin taru."

Inna Kulu ba ta yarda da maganar kowa ba. Ta fito da sanda har ƙofar gida, ta kama kan babur da hannunta, ta juya shi nan, ta juya shi can. Ta ce, "Wa ya gyara, kai ko yaron?"

"Yaron."

"To kawo mini takalmina."

Kafin damina ta wuce gyambon ya rufe. Ta rayu shekaru bayan haka da ƙafarta, har ta riƙa zuwa biki unguwa mai nisa ba ta neman a kai ta. Kawu ne ya riga ta tafiya, ita ta biyo shi ba da jimawa ba. Allah ya jiƙansu, ya sanyaya makwancinsu, ya haɗa su a inda ba ciwo.