Ruwan da Bai Iso Gonar Eusebio Ba

A ƙauyensu na arewacin New Mexico ba mai kiran Eusebio Archuleta da sunansa. Sarkin ruwa ake ce masa, don tun gashinsa na baƙi shi ke rabon ruwan magudanar da kakanni suka haƙo daga gindin dutse. Mafaɗaci ne na gaske, ko limamin coci ya ja ruwa ba ranarsa ba sai ya sha masifa. Gonarsa ce ta ƙarshe a layin, inda marigayiya matarsa Ofelia ta dasa itatuwan tuffa da hannunta. Su kaɗai ta bar masa.

Duk shekara, da ƙanƙara ta fara narkewa, kowane gida kan turo mutum ɗaya da shebur a yashe magudanar. In an gama sai a saki ruwa, sarkin ruwa ya tako a gabansa har gonar ƙarshe.

Ranar da hukumar tsara filaye ta kira taro a kan yanka gonaki a gina gidaje, Eusebio ya ɗaga hannun amincewa. Ba komai ya ja shi ba sai son ɗansa Amadeo ya yi gini kusa da shi. Da aka ga hannun sarkin ruwa a sama, kowa ya ɗaga nasa. Amadeo ya gina, bai daɗe ba ya sayar ya koma birni. Maƙwabta suka bi sahu, baƙi masu famfo a ɗaki suka cika wurin.

Bana ranar yasa, Tiburcio, ɗan baffan Eusebio, shi kaɗai ya zo, yana ɗingishi.

"Ranka ya daɗe sarkin ruwa," in ji Tiburcio, "ina talakawan naka?"

"Kai ma da wannan gwiwar rabin mutum ne. Kama aiki, malam."

Suka yashe inda katangun baƙin ba su tare ba, suka saki ruwa. Eusebio ya tako a gaba, ruwan na binsa kamar akuyar gida, har tsohon gidan Amadeo. Nan ya tsaya. Sabon mai gidan ya cike magudanar, ya malala siminti don ajiye mota. Ruwan ya bazu a kai, ya gangara titi.

Mutumin ya fito cikin ladabi. "Baba, bututu ne ya fashe? In kira masu gyara?"

Tiburcio ya ja da baya yana jiran masifa. Ba ta zo ba. Wa tsohon zai yi wa faɗan? Ya miƙa wa Tiburcio sheburinsa, ya taka shi kaɗai zuwa gonar. Itatuwan sun yi fure fari fat, ƙasar gindinsu a bushe.

Ya dafa babbar cikinsu. "Ofelia," ya ce, "ba laifin Amadeo ba ne. Ni na fara ɗaga hannu."