Hannu Biyu a Ƙasa

Ban ga ƙarshen wasan mutumin nan na Japan ba sai da na haura shekara arba'in, kuma Baba ne ya jawo.

Muna unguwar Hindawiyya a Makka a lokacin, a wani gida mai hawa uku da matakala mai matsi, wadda in mutum biyu suka haɗu a kai sai ɗaya ya fasa tafiyar. Wani maƙwabcinmu direban tasi ya kawo mana kaset ɗin bidiyo daga Jidda, guda ɗaya tak, na wani ƙaton ɗan kokawa. Farkon kaset ɗin sumo ne, kokawar mutanen Japan. Ƙatti biyu daga su sai bante, su watsa gishiri a fili, su tsuguna su dafa ƙasa da hannu biyu, sannan su yi karo kamar raguna. Wanda aka ture waje ko aka kai ƙasa, shi ya sha kaye. Daga nan aka nuna ranar da mutumin ya bar sumo: yana zaune a kujera, jama'a na zuwa ɗaya bayan ɗaya da almakashi suna yanke ɗaurin gashin kansa, hawaye na bin kumatunsa da kowanne ya kai faranti. Sauran kaset ɗin kuma musara'a ce, kokawar nan ta cikin igiya, inda ya koma neman abinci.

Baba ɗan kokawa ne a ƙauyensu, yamma da Sakkwato, kafin ya zo hajji ya zauna. A faɗarsa, shekara tara bayansa bai san ƙasa ba. A Makka kuwa tsofaffin alhazai yake turawa a keke tsakanin Safa da Marwa. Dokarsa ɗaya ce, ta garinsu: hannu biyu ko gwiwa ya taɓa ƙasa, wasa ya ƙare. Tsugunon farko na 'yan sumo ma da kyar ya yafe musu. Ya ce gaisuwarsu ce, Allah shi shirye su.

Ya ƙaunaci mutumin nan. In ana sumo har shayinsa ya huce bai kurɓa ba, yana nuna mana yadda ya kafa ƙafa, yadda ya shiga ƙarƙashin hamata. Amma da an shiga musara'a, ba a minti biyu wani siriri zai dako tsalle ya kai shi ƙasa. Nan take Baba zai miƙe ya kashe talabijin.

"Halas. An kada shi."

"Baba, zai tashi fa."

"Shi tashi shi tahi gida."

Mun kalli kaset ɗin nan ya fi sau dubu, har hotonsa ya fara yayyafi, kullum a nan muke tsayawa.

Wata rana bayan azahar na dawo gida na tarar da shi shi kaɗai, yana ta maido wurin askin nan baya. Bai waiwayo ba ya tambaye ni, "In an yanke wanga gashi, ba a komawa?" Na ce ba a komawa. Ya daɗe yana kallo. "Mutum shi tashi an hana mai taɓa ƙasa," in ji shi, "shi ƙare ana biyan shi don shi hwaɗi." Sai ya ɗauki hularsa ya tafi turin keke.

Shekaru suka tafi, ni kuma na yi ta faɗaɗa. Ful da tamis, wake da burodin Makka, suka gama da ni, har mutanen unguwa suka sa mini Bajapane. Da na fara tuƙa bas a tashar Kudai, sai da aka ja kujerar baya har ta kusa shiga layin fasinjoji. Na yi aure, 'ya'ya suka zo. Bayan rasuwar Umma da shekara ɗaya, Baba ya tara mu ya ce zai koma gida. Ba shi da iƙama, takardar izinin zama, bai taɓa samu ba, kuma duk mun san in ya fita ba zai sake shigowa ba. Yayata ta yi kuka, matata ta roƙe shi, jikoki suka rataye a wuyansa. Ya ce yana son ya sake zama a bakin fili ya ji gangar kokawa kafin ya mutu.

Ni da ba na iya kuka a gaban mutane, wasa na mai da abin. Na ce, "Baba, mu yi kokawa. In na kada ka, ka zauna." Na ɗauka dariya za a yi. Ya dube ni tun daga tumbi har ƙafa, ya ce, "Na yarda." Kuma Baba in ya ce ya yarda, ya gama magana.

Bayan la'asar muka hau saman gida, muka shimfiɗa darduma tsakanin tankin ruwa da igiyar shanya. Ya kusa saba'in, ni ina ganiyata, na ninka shi uku. Ko faɗawa kansa kawai na yi, ai ya zauna a Makka. Murna ta ɗebe ni. Na sa aka kawo gishiri daga kicin na watsa. Na ɗaga ƙafa na buga, har maƙwabcin ƙasa ya leƙo ya ga ko tanki ne ya faɗi. Na mari cikina, yara na ihu. Sannan na tsuguna kamar yadda na gani sau dubu, na dafa ƙasa da hannu biyu, na zaro masa ido.

Baba bai motsa ba. Ya dubi hannuwana, ya dube ni.

"An ƙare."

"Baba, gaisuwa ce fa. Kai da kanka ka ce gaisuwa ce."

"Ta Japanawa. Kai ɗan wa ne?"

Yayata ta ce, "Allah ya isa tsakanina da kai da gishirinka." Ina nan tsugune na kasa tashi, sai da ya miƙo hannu ya ɗaga ni, duk girman nan nawa. Daga riƙon da ya yi mini na fara shakkar ko zan iya kada shi ɗin ma. Har yau ban sani ba.

Ya tafi bayan wata biyu. Shekara shida ya yi a can, yana zama a bakin fili duk kaka, yara na kawo masa gaisuwa kafin su shiga. In na kira waya, ba ya tambayar lafiyata sai ya fara cewa, "Ka tashi daga ƙasa?" A can ya rasu, a can aka binne shi, labari kawai muka samu.

Bara ina zaune cikin bas a Kudai ina jiran fasinja, na ci karo da wasan nan a waya, shi ɗin dai. Da aka kai mutumin na Japan ƙasa, yatsana ya tafi da kansa zai kashe. Na daure. Mutumin ya tashi, aka sake kada shi, ya sake tashi, har na daina ƙirgawa. A ƙarshe ya ɗaga siririn nan ya nana shi da ƙasa, aka ɗaga hannunsa. Ashe shi ya ci.

Lambar Baba na nan a wayata, ban goge ba. Na buɗe ta na daɗe ina kallo. Na san abin da zai ce, cewa wasan ya ƙare tun minti na biyu. Da na so in ji shi ya faɗa.