Dutsen da Yaya ya rungume

Yayana dillalin shanu ne a Garwa, kuma yana da wata ɗabi'a da ta daɗe tana tayar mini da hankali: ba ya iya ganin abu zai faɗi ya ƙyale shi. Kofi ne, yaro ne, bijimi ne, hannunsa kan riga tunaninsa isa. Wata shekara wani sa ya zame a kan katakon lodi, maimakon Yaya ya kauce sai ya tara masa kafaɗa. San ya tashi garau. Kafaɗar ce har yau ba ta koma daidai ba, shi kuwa alfahari ma yake yi da ita.

Ni ƙarfe na bi. Ina da ɗan gareji, kuma na daɗe ina burin injin goge ƙarfe, irin wanda ake ɗora masa kan injin mota da ya lanƙwashe ya share shi ya fito sumul. Na sami na hannu a garin Pitowa, wurin wani dattijo da ya gaji da aiki ya rufe shagonsa. Da Yaya ya ji, sai ya ce motar shanunsa da yaransa duk nawa ne, kuma da shi za a je.

Wannan injin nauyinsa a sama yake, gindinsa tsukakke, kaɗan za a karkata shi ya kifa. Wanda ya tare shi kuwa ba kafaɗa kaɗai zai rasa ba. To amma ta ina ƙane zai ce wa yayansa koma gefe, a gaban yaransa, a gindin motarsa?

A Pitowa na fara da abin da na sani. Na zuƙe mai, na kwance wayoyi. Teburin injin ba ɗaure yake ba, nauyinsa ne kawai ke riƙe shi a mazauninsa, don haka muka ɗage shi daban muka kwantar a kan tsofaffin tayoyi. Na tara yaran na ce, in abin nan ya tafi, a bar shi ya tafi, kada kowa ya nuna jarumta. Duk suka gyaɗa kai. Yaya kuwa tuni ya naɗe hannun riga yana zagaye injin yana bubbuga masa kwiɓi, kamar san da zai saya.

Ina kwance dutsen washin, wato faifan da ke juyawa yana cin ƙarfen, dabara ta zo mini. Na naɗe shi a zane na nufi Yaya.

"Yaya, don Allah ka taimake ni da wannan. In ya bugu ya tsage, ranar da aka kunna shi tarwatsewa zai yi a fuskata. Ban yarda da hannun kowa ba sai naka. Kada ya taɓa ƙasa."

Ban yi ƙarya ba, dutsen da ya tsage yana kisa. Ya dube ni, ya dubi ƙunshin, ya ce, "Kawo." Ya rungume shi da hannu biyu. Haka muka ɗaga injin da palan, sarƙar nan ta ɗaga kaya, motar ta yi baya ta shiga ƙarƙashinsa, muka ɗaure shi ta sama da ta ƙasa. Yaya yana tsaye nesa yana ta zuba umarnin da ba wanda ya nema. A hanya ma yana gaban mota da dutsen a cinya, kowane rami sai ya daka wa direba tsawa da Fulatanci, "Sese, sese!", wato a hankali.

A ƙofar garejina ne abin da nake tsoro ya zo. An yi ruwa kwanakin, ƙasa ta yi laushi, ni kuma na sa katako a ƙarƙashin ƙafafun ƙarfen da muka rataye palan, amma ɗaya ya yi siriri. Injin yana reto a sama katakon ya ce ƙas, ƙafar ta nutse. Injin ya taho gefe guda. Yaran suka watse yadda na faɗa musu. Na ga Yaya ya yi tsalle ɗaya gaba, sai ya tsaya cak, ya dubi abin da ke ƙirjinsa, yana salati da ƙarfi. Injin ya daki jikin motar, ya dawo, ya tsaya yana lilo. Sarƙa ta riƙe.

Na zauna a kan taya ina ta alhamdulillahi, hawaye na zuba, ban ma ji kunyar yaran ba. Da na dawo hayyacina muka tokare ƙafar da katako mai kauri, muka sauke injin a hankali a kan bututan ƙarfe, muka gangara da shi ciki.

Washegari na daidaita zamansa da ma'aunin ruwa, ina cusa ƴan falle-fallen ƙarfe a gindinsa har kumfar ma'aunin ta tsaya a tsakiya. Na wanke mazaunin tebur, na zuba sabon mai, muka mayar da shi. Yaya ya zo da dutsen, ashe a ɗakinsa ya kwana. Na rataye shi a yatsa na ƙwanƙwasa da ƙotar katako, ya yi ƙara tas, alamar ba tsaga. Na ɗaura shi, na rufe murfinsa, na sa kowa ya kauce daga saitinsa, na kunna. Ya juya lafiya lau, ko girgiza babu.

Ina ta murna na waiga ban ga Yaya ba. Na same shi waje, a jikin motarsa, inda injin ya lotsa ƙarfen. Ya jingina karkatacciyar kafaɗarsa a wurin. Lotsawar daidai tsayin kafaɗar take.

"Kai," ya ce, bai ko dube ni ba, "ka ɗauka ban ga katifa a bayan mota ba? Da ka kwantar da dutsen a kanta ba abin da zai same shi."

Na sunkuyar da kai. Ya shafa lotsawar da tafin hannu, ya daɗe yana shafawa.

"In za ka sake ɗauko wani," ya ce, "ka ajiye mini dutsen."