Akwatin da Aka Sa wa Riga

Duk wanda ya san Gaya ya san shagon Malam Da'u, ko da bai taɓa shiga ba, domin shi kaɗai ne shagon gyaran kwamfuta da ke tashin ƙamshin turaren tsinke tun da safe. Baƙo kan ɗauka mutumin ya haɗa gyara da tsibbu. Ko kusa, babu tsibbu a ciki. Aiki ne, kuma a gidan ubansa ya samo shi.

A Kademi aka haife shi. Mahaifinsa maginin rumbu ne, irin waɗanda ake zuwa ɗauka a kan keke daga wani gari. Idan tsohon ya gama gini ya bushe, ba ya yarda a zuba ko dami ɗaya sai ya kunna 'yar ciyawa a ciki ya rufe bakin, ya koma gefe ya tsuguna yana kallo. Duk inda hayaƙi ya ɓullo, ta nan ƙwaro zai shiga, sai ya bi ya liƙe. Da'u bai gaji ginin ba, don tun yana firamare hankalinsa ya tafi kan rediyon gidan, wanda ya kwance sau uku ya mayar sau biyu. Amma ya gaji tsugunon da kallon, ya kuma gaji taurin kan nan na cewa ba a yabon abu sai an gwada shi.

Ya shigo Gaya yana saurayi da sukurudireba biyu a aljihu. Ya yi gyaran rediyo har rediyo ya ja baya, ya yi na wayar hannu, sannan ma'aikatan ofisoshi suka fara kawo masa kwamfutocin da suka ƙi tashi. Daga gyara ya koma haɗawa: ya sayo kayan ciki daga Kano ɗaya bayan ɗaya, ya zaɓi akwatin da za su zauna a ciki, ya haɗa wa mutum daidai aikinsa. A kan akwatin nan ne ya fi zaƙewa. Mutane suna ganin ƙarfe ne kawai mai kusurwa huɗu, shi kuwa sai ya wuni yana bayanin ta inda iska ke shiga da ta inda take fita, har wata rana matarsa Lami ta gaji.

"Malam, tunda bakinka ba ya gajiya, ka jingina waya ka yi mata. Ni ka bar ni in yi tankaɗena."

Ya kuwa ɗauki shawarar da muhimmanci fiye da yadda aka ba shi ita. Ya jingina waya a jikin gwangwanin madara, ya fara ɗaukar bidiyo yana tura wa wani guruf na masu kwamfuta na Gaya da Ajingi. Salonsa ɗaya ne: ya kunna na'ura, ya kunna turaren tsinke, ya kara a gaban akwati, kowa ya ga yadda fanka ke zuƙar hayaƙin da inda take kai shi. Ba ya rufa-rufa, ba ya jin kunyar mai kaya. Cikin shekara takwas bai taɓa janye maganar da ya faɗa ba, har ta kai idan ana gardama a guruf wani ya rubuta "Da'u ya ce", to an gama. Shi ma ya san da haka, kuma gaskiya ita ce abin ya ɗan shiga kansa. Ba shi da mota, ba shi da bene, wannan "Da'u ya ce" ɗin ita ce duk dukiyarsa.

A farkon bazarar bara wani ɗan kasuwa a Kano, Alhaji Abdulmumin, ya aiko masa da wani akwati mai tsada ya gwada. Matsakaici ne, bai kai manyan nan tsayi ba, bai kuma yi ƙanƙantar da hannu zai rasa wurin juyawa ba. Baƙi ne wuluk, gefe ɗaya gilashi mai kauri, gaba da sama duk raga, ga fankoki huɗu masu fitilu kala-kala. Da'u ya kwana uku yana jujjuya shi kafin ya jingina waya.

"Jama'a, ku dubi ƙafafunsa," in ji shi a bidiyon. "Sun ɗaga shi daga ƙasa, iska na bi ta ƙarƙashi. Ku dubi bakin ƙarfen, na shafa yatsa ko'ina bai yanke ni ba, ba kamar na kwanaki da ya sha jinina ba. Ga lungu a baya na ɓoye wayoyi. Ragar nan kuwa zanzaro bai isa ya shiga ya yi gini ba. Aibinsa biyu: nauyi gare shi kamar buhun masara, kuma wanda zai ɗora gilashin nan a kan babur ya bi hanyar ƙauye, ya fara yin addu'a. Amma zancen zafi, ku cire shi a ranku. Ko a tsakiyar bazara, abin da ke cikin akwatin nan ba zai yi zafi ba. Ni Da'u na faɗa."

A kan wannan maganar Sharfaddeen ya sayi akwatin. Magidanci ne ɗan Toranke, mai ɗaukar hoton biki da suna, yana tace bidiyon a gida da wutar sola. Da'u da kansa ya haɗa masa kayan ciki, ya gwada, ya naɗe gilashin da bargo, aka ɗaure a bayan babur.

Wata guda bai cika ba Sharfaddeen ya rubuta a guruf, cikin ladabi, cewa kwamfutar tana ɗaukar zafi ta mutu da kanta da zarar ya yi rabin awa yana aiki. Ga bidiyon biki uku a hannunsa, iyayen amare sun fara aiko masa da gaisuwar da ba ta gaisuwa ba. Da'u ya ce ya kawo ta. Aka kawo, ta wuni a shago tana aiki, sanyi ƙalau. Aka mayar Toranke, ta mutu. Aka sake kawowa, ya canza mata man da ake shafa wa ƙwaƙwalwarta, ya duba kowace fanka, ya ƙona tsinken turare har shida, hayaƙi na shiga ta gaba yana fita ta sama yadda ya kamata. Aka mayar, ta sake mutuwa.

To, ka san mutane. Waɗanda ya taɓa kushe wa kaya suka samu abin yi. Wani ya rubuta, "Ko dai turaren ne ya ƙare?" Wani ya tambaya ko Alhajin Kano ya haɗo akwatin da shadda ne. Wannan ta biyun ita ta soke shi. A ce ya yi kuskure, da ciwo, amma a ce an saye bakinsa, wannan ya hana shi cin tuwo. Ranar Talata da hantsi ya rufe shago, ya hau babur sai Toranke, yana cewa a ransa ko wayar wutar gidan ce, ko batirin sola, ko aljanu, yau sai ya gani da idonsa.

Sharfaddeen ya shigar da shi ɗakin aikinsa. Da'u ya sa ƙafa ke nan ya yi turus. Ga akwatin nan a kan tebur sanye da riga. Riga ta gaske, ta karan-miski ruwan goro, har da shafi a ciki da geza a ƙasa, an ɗinka ta cif daidai jikinsa. An bar taga a wajen gilashi don a ga fitilu, an huda 'yar ƙofa ta maɓallin kunnawa. Amma gaba da sama da baya, duk inda raga take, an lulluɓe ruf.

"Sharfaddeen, mene ne wannan?"

"Rigarsa ce, Malam. Idan zan kawo maka nakan cire in ninke, kada ta yi datti a hanya."

Da'u ya buɗe baki zai yi faɗa, sai kuma ya rufe. Wa zai yi wa? A gidansa ma talabijin na da rigarta, rediyo na da tasa, har fulas ɗin shayi Lami ta saƙa masa hula. A nan, abu mai daraja rufe shi ake yi. Duk wanda ya ƙera akwatin nan a can ƙasarsu bai san da wannan ba, amma shi Da'u ɗan Kademi ya sani, kuma bai faɗa ba. Duk da haka wani daɗi ya taso masa. Hoto ɗaya zai ɗauka ya tura guruf, a yi dariya, sunansa ya wanku kafin azahar. Har ya zaro waya.

"Inna ce ta ɗinka," in ji Sharfaddeen, ya rage murya. "Sati uku tana yi da hannu. Da taƙi ta auna shi ina gona. Malam, dubi gaban."

Da'u ya sunkuya. A tsakiyar ƙyallen da ya toshe ragar gaba, an yi aikin zare fari irin na hula, kuma ba fure ba ne. Sunan Sharfaddeen ne da baƙaƙen Larabci.

Sharfaddeen ya ci gaba, "Ni ne ɗanta na fari. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba, sai dai 'wannan' ko 'mai hoto'. Ba ta iya rubutu ba. Wajen malamin unguwa ta aika aka rubuto mata a takarda, ta bi da allura."

Da'u ya dubi sunan, ya dubi wayar da ke hannunsa. Ya mayar da waya aljihu, ya ce a yi masa iso wajen tsohuwa.

Inna Talatu ta zo da kanta, 'yar siririya mai kaifin ido, ta tsaya daga bakin ƙofa. Bayan gaisuwa Da'u ya yaba ɗinkin, kuma har zuciyarsa ya yaba, don ko a Kano ba kowa zai yi irinsa ba. Sannan ya kunna kwamfuta ya kunna tsinke, ya kara a gaban rigar. Hayaƙi ya miƙe sama abinsa. Ya ɗage ƙyallen, nan take hayaƙin ya karkata ya shige ciki.

Ta daɗe tana kallo. "Au, numfashi yake yi?"

"Numfashi yake yi, Inna."

"Ashe ni na shaƙe shi, mai hoto yana ta wahalar hanya." Sai kuma ta juyo kansa. "To kai Malam, an ce duk abin da ke jikinsa ka faɗa a waya, har ƙafafunsa. Ka faɗi ƙafa ka manta hanci?"

Da'u ya yi dariya har da tafa hannu. "Wallahi na manta, Inna. Laifina ne."

"A'a, kada ka cinye duka. Rabi naka, rabi nawa."

Ta aika aka miƙo mata almakashi da wani tsohon gidan sauro. Sharfaddeen ya ce a bar rigar haka, zai riƙa cirewa idan zai yi aiki, ko kallonsa ba ta yi ba. Ta zauna a tabarma ta farke sama da baya, ta maye gurbinsu da raga. Da ta zo kan gaba sai hannunta ya rage sauri. Ta bi gefen sunan a hankali, ta yanke shi ba tare da ta taɓa zare ɗaya ba, ta miƙa wa Da'u tana kallon wani wajen.

"Ba wa mai shi."

Da'u ya miƙa. Sharfaddeen ya karɓa da hannu biyu, ya cire hularsa ya sa a ciki ya mayar, ya fita waje da sauri wai zai duba batir. Kwamfuta kuwa ta yi aiki har la'asar ba ta ko yi ɗumi ba.

Washegari Da'u ya jingina waya. "Jama'a, na yi kuskure. Akwatin nan lafiyarsa ƙalau, kuma ba wanda ya ba ni ko hula. Amma na ce ba zai yi zafi ba, ban gaya muku sai an bar shi ya sha iska ba, alhali na san gidajenmu, na san komai riga muke sa masa. Wanda zai yi masa riga, ya bar raga gaba da sama da baya. Wannan ni ya kamata in faɗa tun farko."

Guruf ya kacame. Shekara takwas ana jiran wannan rana, aka yi ta tsokanarsa har da hoton turare a karye. Aka tambaye shi rigar wa ce, ya ƙi faɗa, kuma har yau bai faɗa ba. Abin da bai zata ba, mutum huɗu suka biyo shi ta gefe a ɓoye, kowa na cewa shi ma tasa da riga, dama yana mamakin zafin.

Wadda ta fi kowa morewa Lami ce. Ta sa an tura mata bidiyon, ta riƙa mayar da farkonsa tana tuƙa tuwo, ta ce shekara ashirin da shida tana neman kalmomin nan uku a gidan nan ba ta samu ba, ashe sai waya za a yi wa. Da'u na zaune a tabarma yana jin ta. Ya yi zaton ranar da zai faɗi haka a gaban jama'a ƙasa za ta tsage ya shige, sai ga shi zuciyarsa wasai, yunwa ma yake ji.

"Malam, faɗa min da baki in ji, ba ta waya ba."

"Na yi kuskure, Lami. Zubo tuwon."